A Bar Akwatin Kifin Teku Ya Nuna Kafin a Zuba Masa Kifi

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata sha'awa da wasu masu hali suka fara ɗauka a nan Yamai, wato ajiye kifayen teku masu launi a cikin akwatin gilas, a falo ko a ofis ko a zauren otel. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wasu dillalai suke kawo akwati da gishiri da duwatsu da kifi duka a rana guda, su haɗa komai a gidan mai saye kafin la'asar, su karɓi kuɗinsu su kama gabansu. Sabon akwatin ruwan gishiri yana buƙatar makonni huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas, yana aiki dare da rana ba tare da kifi ko ɗaya a cikinsa ba. A gari irin namu kuwa waɗannan makonni suna da amfani biyu, domin a cikinsu ne akwatin yake nuna, wato ruwansa ya zama wanda kifi zai iya rayuwa a ciki, kuma a cikinsu ne mai gida zai gane ko gidansa zai iya riƙe kifin teku ko ba zai iya ba.

Kowane kifi yana fitar da sinadarin amoniya daga jikinsa, mafi yawa ta gaɓar numfashinsa da ke gefen kai, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya faɗi ƙasa ya ruɓe su ma amoniya suke zama. A cikin teku wannan ba abin damuwa ba ne, tunda ruwan ba shi da iyaka. A cikin akwati mai lita 200 kuwa amoniyar ba ta da inda za ta je, sai ta taru ta ƙone gaɓar numfashin kifin, ta shiga jininsa. Abin da yake kawar da ita wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu ya kasu hawa biyu. Rukuni na farko suna cin amoniya su mayar da ita nitirit, rukuni na biyu kuma su ci nitirit su mayar da shi nitirat, wanda gubarsa ba ta da ƙarfi, kuma ana rage shi ta hanyar sauya wani kaso na ruwan lokaci lokaci. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya fito da bayanin waɗannan bakteriya tun wajajen 1890, kuma a 2005 aka ba da rahoton ware wata halitta mai cin amoniya da aka sa wa suna Nitrosopumilus maritimus, wadda aka samo daga wani akwatin ruwan gishiri a gidan kallon kifi na birnin Siyatul a Amurka.

Abubuwa biyu game da waɗannan halittu su ne suka sa jira ya zama dole. Na farko, hayayyafarsu tana da nawa ƙwarai. Akwai bakteriyar da take ninka kanta cikin minti 20 idan ta sami wuri mai daɗi, amma waɗannan sukan ɗauki kusan kwana guda kafin su ninka, rukuni na biyu kuma ba ya fara yawaita sai na farko ya samar masa da abinci. Na biyu, ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin duwatsu da yashi da soson matata suke manne. Don haka wanda ya ce maka zai taho maka da jarkokin ruwan teku daga Kwatano ko Lome domin akwatinka ya nuna nan take, wahalar tafiyar kusan kilomita 1,000 kawai zai ɗora maka, ruwan zai iso, akwatin kuma yana nan ɗanye.

Wasu za su ce sun daɗe suna kiwon tarwada a bayan gida ba su taɓa jiran komai ba. Gaskiya ne, amma tarwada tana iya shaƙar iska daga sama kuma tana jure ruwan da zai kashe kusan kowane kifi, kifayen murjani kuwa, wato masu zama tsakanin duwatsun murjani a cikin teku, daga ruwan da ba ya sauyawa suka fito. Ban da wannan, amoniya ta fi dafi a ruwan teku. Ma'aunin pH, wanda yake nuna yawan tsamin ruwa ko rashinsa, a ruwan teku yana tsakanin 8.1 da 8.3, kuma idan pH ya tashi daga 7 zuwa 8, kason amoniyar da take iya ratsa jikin kifi yana ninkuwa kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara shi. Haka nan ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi: a zafin digiri 25, lita guda ta ruwan daɗi tana riƙe kimanin miligiram 8, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba, kuma duk yadda ruwan ya ƙara ɗumi, iskar sai ta ƙara raguwa.

An taɓa kirana wani gida da aka yi wa irin wannan haɗin na rana guda, mako bai cika ba. Ruwan ya yi fari fat kamar an ɗiga masa madara, kifaye biyu suna kwance a ƙasa, sauran sun taru a sama kusa da inda ruwa yake zubowa, suna buɗe baki da sauri, launinsu ya koɗe, ba su kula da abincin da yara suke ta watsa musu cikin tausayi, wanda shi ma ƙarin amoniya ne. Uwargida ta ce baki ne, domin baƙi sun yi ta yaba kifayen ranar suna. Dillalin da aka kira a waya ya ce kifayen ba su saba da iskar Yamai ba, kuma yana da wasu masu ƙarfi da zai kawo idan an ƙara kuɗi. Da na ɗebi ruwan a ƴar kwalbar gwaji na ɗiga maganin, kafin minti biyar ya tashi daga rawaya ya koma kore shar. Ba a yi gardama da wannan launin ba.

Shiri yana farawa ne daga ruwa da gishiri. Ruwan famfonmu daga kogin Isa yake, ana tace shi a Gudel a zuba masa kulorin domin lafiyarmu, kuma wannan kulorin ɗin da yake kare mu daga ciwon ciki shi ne yake kashe bakteriyar da muke son mu raya. Abin da ya fi dacewa shi ne ruwan da ya bi ta na'urar tacewa mai matse ruwa ta cikin fata, wadda Faransawa suke kira osmose inverse, domin tana cire gishirin ƙasa da ƙarafa da sauran abin da yake ciyar da gansakuka. Ruwan da yake ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a bar shi ga fulawa, saboda yana iya ɗauko jan ƙarfe daga bututun na'urar, jan ƙarfe kuwa guba ne ga jatan lande da dodon koɗi da murjani. Gishiri kuma dole ya zama wanda aka haɗa musamman don akwatin kifin teku. Gishirin Bilma da na Foga da na leda da muke miya da su, duk kyansu, ba za su yi ba, domin gishirin da muka sani kimanin kashi 85 cikin ɗari ne kawai na abin da ke narke a ruwan teku, ragowar kuwa magniziyom ne da kalsiyom da fotasiyom da sauransu, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda suke riƙe pH a inda ya kamata. Ana son giram 35 na gishiri a kowace lita, wato akwati mai lita 200 zai ci kilo 7 ko ɗan fiye, kuma ma'aunin nauyin ruwa ya nuna 1.025 ko 1.026. A narkar da shi a wata roba mai tsabta wadda ba ta taɓa ganin sabulu ba, a bar injin tura ruwa ya kwana yana juya shi, sannan a zuba. Duwatsu da yashi su zama na murjani, masu ramuka da yawa inda bakteriya za su sami wurin zama. Jan dutsen marmara da muke gini da shi cike yake da ƙarfe, bai dace ba.

Idan an cika akwati, an kunna injin tura ruwa da matata, sai a ba bakteriya abinci, domin akwatin da aka bari haka kawai ko ya yi wata uku ba zai nuna yadda ake so ba. Wanda ya sami tsantsar sinadarin amoniyom kulorid zai ɗiga shi har gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita. Kada a yarda ya haura 5, saboda yawansa yana jinkirta aikin maimakon ya gaggauta shi, kuma kada a kusanci amoniyar goge ɗaki mai turare da kumfa. Wanda bai samu ba, kuma a nan yawancinmu ke nan, sai ya sayi ɗanyen jatan lande guda ɗaya a wurin masu sayar da kifin sanyi, ya ƙulle shi a ɗan ƙyallen raga, ya rataya shi a cikin ruwan ya ruɓe, idan gwaji ya kai adadin da ake so ya ciro shi. Falo zai yi ɗan wari na wasu kwanaki, ya kamata a sanar da uwargida tun da wuri. A bar fitilar akwatin a kashe duk tsawon lokacin, tunda bakteriyar ba sa buƙatar haske, gansakuka ce take buƙatarsa.

Daga nan sai awo, kuma a ganina wanda ba zai sayi kayan gwajin amoniya da nitirit da nitirat ba, gara ya haƙura da kifin teku baki ɗaya, domin ruwan da zai kashe kifi cikin kwana biyu yana iya zama garau a ido. A riƙa gwaji bayan kowane kwana biyu ko uku, ana rubutawa a littafi tare da kwanan wata. A dubi launin kwalbar a hasken rana, a jingine ta da farar takarda, domin hasken ƙwan lantarki yana ruɗin ido, kuma a duba ranar lalacewar maganin, a ajiye shi a wuri mai sanyi, saboda maganin da ya sha zafin shago ƙarya yake yi. Abin da za a gani shi ne amoniya ta hau ta tsaya kamar ba za ta motsa ba, sannan a cikin mako na biyu ta fara sauka, nitirit kuma ya fara hawa. Wannan hawa na biyu shi ne ya fi cin rai, domin nitirit yakan yi makonni a sama, har mutum ya fara zargin ko wani abu ya lalace, sai wata safiya a ga ya faɗi cikin kwana biyu ko uku, nitirat kuma ya taru. Gaskiya ne cewa nitirit ba ya cutar da kifi a ruwan gishiri kamar yadda yake yi a ruwan daɗi, saboda kulorid ɗin da ke cikin gishirin yana tare masa hanyar shiga jiki, amma muddin yana nan, shaida ce cewa rabin ma'aikatan ba su kammala taruwa ba.

Ana iya rage tsawon jiran idan an sami iri, kamar yadda mai nono take zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara. Dutse ɗaya ko biyu, ko guntun soson matata, daga akwatin ruwan gishiri da ya daɗe yana aiki lafiya, idan an ɗauko su a jiƙe cikin ruwansu aka saka nan da nan, suna zuwa da bakteriyar da za su bazu. Sai dai a tabbata akwatin da aka ɗauko daga cikinsa ba shi da cuta. Soso daga kwamin tarwada ko akwatin ruwan daɗi ba zai taimaka sosai ba, domin yawancin bakteriyar ruwan daɗi ba sa jure gishiri. Akwai kuma bakteriyar kwalba da ake sayarwa, wadda a ƙasashen da ake yin ta takan rage jiran zuwa mako ɗaya ko biyu. Ba na hana kowa saye, amma a tuna cewa abu ne mai rai, kuma kwalbar da ta yi makonni cikin kwantena a tashar jirgin ruwa, ta sake yin kwanaki a bayan babbar mota a cikin rana, ba lalle ne abin da ke cikinta ya iso da rai ba. A zuba ta, amma kwalbar gwaji ce za ta yanke hukunci.

Yanzu na zo kan abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba. Kifayen murjani suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, idan ya daɗe a kan 30 sai su fara galabaita. A Yamai, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne aka fi fama da ɗauke wuta. Bakteriyar da muke rayawa ba su ƙi ɗumi ba, don haka akwati yana iya nuna sarai a tsakiyar bazara, gwaji ya fito da kyau, alhali ruwan da ke ciki zai dafa kifi. Shi ya sa nake ba da shawarar a manna ma'aunin zafi tun ranar farko, a riƙa duba shi bayan sallar asuba da bayan la'asar, a rubuta a littafin nan. Fanka ƙarama da take hura saman ruwa tana iya sauke zafin da digiri biyu ko uku, musamman da yake iskarmu busasshiya ce, amma idan ɗakin kansa ba ya samun sanyi a bazara, sai an sayi injin sanyaya ruwa, shi kuma cin wutarsa ba kaɗan ba ne.

Ɗauke wuta kuma matsalarsa ta wuce zafi. Bakteriyar nan suna shan oksijin sosai, kuma idan injin tura ruwa ya tsaya, waɗanda suke cikin rufaffiyar matata sukan shanye iskar da ke wurin cikin ƴan awoyi su fara mutuwa, wuta na dawowa kuma injin ya watso ruɓaɓɓen ruwan cikin akwati. A cikin makonnin da babu kifi, duk lokacin da aka ɗauke wuta darasi ne kyauta: awa nawa batir ya riƙe injin, digiri nawa ruwan ya ƙara, kuma wa yake gida da zai kunna ɗan injin hura iska mai batir idan mai gida yana wurin aiki ko ya tafi ƙauye? Wanda ya tarar cewa amsoshin ba su yi masa daɗi ba, asararsa ba ta wuce gishiri da jatan lande guda ba. Ni dai da za a bi ta tawa, da an fara haɗa akwati a watan Maris, a bar shi ya ƙetare bazara babu kifi, a ga iyakar abin da gidan zai iya, sannan a kawo kifi bayan ruwan sama ya sauka gari ya yi sanyi. Na san wannan ya ninka jiran da na ambata a farko, kuma ba kowa zai yarda ba.

Ƙafewar ruwa ma a nan ake koyon ta. A lokacin hunturu, ko idan fanka tana aiki, ruwan yana raguwa kullum, za a ga farin ɓawon gishiri yana taruwa a bakin gilas da jikin wayoyi. Ruwa ne yake tashi, gishirin yana nan, don haka idan an cika da ruwan gishiri, akwatin sai ya yi ta ƙara ɗaci har ya fi ƙarfin kifi. A ja layi da alƙalami a jikin gilas daidai inda ruwan ya tsaya ranar farko, kullum a cika zuwa layin da tataccen ruwan daɗi. A kuma sa murfin da zai tare ƙurar hunturu ba tare da ya toshe iska ba.

Alamar cewa akwati ya nuna guda ɗaya ce. Bayan amoniya da nitirit sun sauka zuwa sifili, a sake zuba amoniya kamar miligiram 1 zuwa 2 a kowace lita, a dawo bayan awa 24. Idan duka biyun sun koma sifili, aiki ya yi. Idan da saura, a ƙara mako guda a sake gwadawa. Daga nan a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ko ma rabi idan nitirat ya yi yawa, da sabon ruwan da gishirinsa da zafinsa suka yi daidai da na ciki. Kifi ɗaya ko biyu ƙanana za a fara sakawa, irin waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo sun fi waɗanda aka kamo daga teku juriya, a ba su abinci kaɗan, a ci gaba da gwaji, a jira aƙalla mako biyu kafin a ƙara wani, domin yawan bakteriyar daidai yake da abincin da suka saba samu, kuma kowane sabon kifi sai sun ƙaru kafin su iya ɗaukar nauyinsa. Idan an kunna fitila aka ga wata ƙura mai launin ƙasa ta rufe yashi da gilas, kada a firgita a kwashe komai a wanke, gansakukar sabon akwati ce, takan wuce da kanta. Soson matata kuwa idan ya yi datti, a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin za a matse shi. Wanke shi a bakin famfo yana rushe aikin makonni shida cikin minti biyu, kuma ya kamata a gaya wa duk mai share falon haka.

Akwai tsohuwar dabara da har yanzu wasu dillalai suke bayarwa, cewa a jefa kifi mai arha mai taurin rai a sabon akwati, kashinsa ya raya bakteriyar, in ya mutu ba a yi babbar asara ba. Dabarar tana aiki, amma kifin yana yin makonni yana numfashi a cikin guba, ko ya rayu gaɓar numfashinsa ta riga ta taɓu, alhali jatan lande matacce zai yi wannan aikin daidai. Mu da muka san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba, bai kamata mu ɗauki wahalar dabbar da muka kulle da hannunmu a matsayin ƙaramin abu don kuɗinta kaɗan ne ba.

Roƙona ga masu wannan sana'a a Yamai shi ne su raba cinikin gida biyu. Su kawo akwati da gishiri da duwatsu da kayan gwaji a zuwan farko, su nuna wa mai saye yadda ake ɗiga magani da karanta launi, su riƙe masa kifinsa a shago har sai ya kawo littafinsa sun ga sifili biyu bayan awa 24. Masu saye kuma, idan dillali ya ce ba sai an jira ba, su nemi ya gwada ruwan akwatin shagonsa a gabansu, kuma ya faɗa musu yadda yake yi da kifayensa idan wuta ta ɗauke da tsakar rana a watan Afrilu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Yantala, Yamai.